Ƙwaryar Aro a Shafin Jikana

Ni ban taɓa riƙe alƙalami ba, ban kuma taɓa jin kunyar haka ba. Abin da kuke karantawa bakina ne, yatsun kuwa na jikana ne, ɗan babban ɗana. Na ce masa in ya rage mini magana, ko ya barbaɗa mata gishirin boko, zan sa a karanta mini, kuma zai gane kurensa.

Akwai wata ƙwarya da ta daɗe a jerena, ba tawa ba ce. Tun ina yarinya take hannuna har kaina ya koma auduga, kuma babu abin da nake tsoro kamar in mutu ban mai da ita ba. Bari in faɗa muku yadda ta shigo hannuna, don shi jikan nawa sai daga baya ya sani.

Gidanmu na haihuwa can ƙasar Maraɗi yake, aure ne ya kawo ni Jibiya. Da cikin fari ya tsufa aka mai da ni gida goyon ciki, kamar yadda ake yi wa kowace mace. Na haifi namiji, na yi wanka na gama, aka bar ni na huta har damina ta sauka. Sannan gwaggona ta ɗauko ni za ta maido ni ɗakina, mu da jakai da wani ƙanen babana mai kora su. Gulbi ya kawo ruwa ya tare hanyar da muka sani, dole muka yi zagaye ta cikin gonaki. Yaron da zazzaɓi ya tashi ranar. Ina tafe ina jin zafinsa a gadon bayana kamar an ƙulle mini garwashi a zane. Wajen azahar sai na ji bayana ya huce. Na san abin da ya faru. Na ci gaba da jefa ƙafa, don ɗan fari ne, uwa ba ta nuna ta san da shi, balle ta yi masa kururuwa a gaban manya. Gwaggo ce ta leƙa goyon, ta yi salati.

Akwai wata 'yar tunga kusa, gidaje kaɗan da rumbuna. Mazan wurin suka karɓe shi, suka yi masa sutura, suka kwantar da shi gab da wani gawo a bakin gona. Ni kuwa ina zaune idona ƙamas, ina kallon ƙasa. Sai wata mata ta kama hannuna ta zagaya da ni bayan rumbu, ta ce, "Ɗiyata, nan ba mai ganinki. Yi kukanki." Ta juya mini baya, ta tsaya tana gadi har na gama. Da za mu tashi ta dama fura a ƙwarya, ta rufe da faifai, ta ɗora mini a kai. "Tahi da ita ki sha bisa hanya. Kya maido in Allah ya sake biyo da ke."

Ban tambayi sunanta ba, ban tambayi sunan tungar ba. Gwaggo ta rasu, ƙanen babana ya rasu, kunya ba ta bar ni na tambaye su ba. Daga baya na shekara da shekaru ina kai daddawa Maraɗi ina sarowa kanwa da dabino, amma a bayan babbar mota, bisa titi. Sau da yawa nakan sauko da ƙwaryar zan kai wa masu ƙorai su duba zanen, sai in tuna za a ce a ina kika same ta, sai in mai da ita mazauninta. Ga shi a wurinmu ba a riƙe kwanon mutane, ba a kuma mai da shi wayam.

To, shi wannan jikan nawa, maigidana na wasa, a Katsina ya yi karatu ya dawo da kwamfuta a jaka. Aikinsa na cin abinci shi ne shirya wa 'yan kasuwa abubuwan waya. Amma abin da ransa ke so wani shafi ne nasa na kansa da ya gina a intanet, inda yake rubuta labarin yawonsa. Ya je Bugaje ya ga masu jima, ya rubuta. Ya je Mazanya cin kasuwa babur ya mutu masa, ya rubuta yadda ya turo shi. Yakan zauna a inuwar ɗakina da hantsi, baƙin allo a gabansa da ƙananan rubutu launi-launi kamar jerin tururuwa, yana ƙwanƙwasa yana tsaki.

"Maigida, kai da wa kake faɗa?"

"Amarya, saƙa nake. Zare ɗaya ya kuɓuce, ga shi duk tabarmar ta warware."

"Miji mai saƙar da ba a shimfiɗawa! Kawo cefane ka ji."

"Ke da ba ki da haƙori, cefanen me zan yi miki? Kunu ya ishe ki."

Haka muke, tun yana rarrafe. Yakan kuma tsokane ni da cewa ni kaɗai ce tsohuwar da ba ta da kunya a unguwarmu, don ina kiran sunan babansa gatsal a tsakar gida, alhali kowa ya san ba a faɗin sunan ɗan fari. Nakan ce masa ni ce na haifi abina, in ya ji haushi ya kai ni ƙara. Sai mu yi dariya. Dariyata ba ta kaiwa ciki, amma bai taɓa lura ba.

Na taɓa tambayarsa me ya sa yake wahalar da kansa, ga manyan dandalin waya inda kowa ke zuba hotonsa ba tare da gumi ba. Ya ce, "Kaka, can rumfar haya ce a kasuwar wasu. Ran da mai kasuwa ya ga dama ya tashe ka, ko ya tura ka lungu inda ba mai wucewa. Wannan kuwa gidana ne, ni na aza tubalinsa. Ƙarami ne, amma ba mai ce mini tashi."

Wannan maganar ta shige ni, don na ɗanɗana kasuwar. Wata jikata ta taɓa ɗaukata ina ba da labari ban sani ba, ta watsa a can. Aka ce dubban mutane sun gani. Da na sa ta karanta mini abin da suka ce, sai na ji wani yana yi wa giɓina dariya, wani yana tambayar ko ina da miji. Ba wanda ya ji labarin har ƙarshe. Washegari kuma sun koma kan wani akuya mai hawa katanga. Ni da ake tashi tsaye in na shiga gidan biki!

Na ce masa, "To gidan naka, mutum nawa ke shigowa?"

Ya sosa ƙeya. "Ba su da yawa."

"Sun kai 'yan gidan suna?"

"Sun kai 'yan gaisuwar mara lafiya dai."

Amma ya nuna mini wani abu a gefen shafin. Ya ce waɗannan ƙofofi ne zuwa gidajen wasu masu irin nasa ginin, su ma sun buɗe tasu ƙofar zuwa gare shi. Wani malamin makaranta ne a Zariya mai rubutu kan tsuntsaye, wani makaniki ne a Damagaram, wata kuma malamar dabbobi ce a Maraɗi mai yawon ƙauyuka tana yi wa bisashe allura, tana ɗaukar hoton rijiyoyi da rumbuna. Na ce ashe kafar darni ce, irin wadda mata ke bi su shiga maƙwabta ɗiban wuta ba sai sun fita titi ba. Ya ce wallahi ita ce, har ya rubuta hakan a shafin, ya ce inji matarsa tsohuwa.

Wata rana bayan kaka ya zo mini da sabuwar saƙa. Yana so ya zana taswirar tsohuwar hanyar ƙafa daga Jibiya zuwa Maraɗi, wadda muka bi kafin titi ya cinye ta. Kowane zango zai sa masa ɗigo, in an taɓa ɗigon sai a ji muryata ina faɗin abin da na sani a wurin. Ya ce zai yi shi marar nauyi, don ko mai ƙaramar waya a bakin iyaka, inda sabis ke zuwa yana ɗaukewa, ya iya buɗewa. Na san inda hanyar za ta kai mu, amma na ce masa sai ya biya ni da goro.

Muka fara. Na ba shi labarin rijiyar da guga ba ya taɓa ruwanta sai an haɗa igiya da igiya, da tsamiyar da mata ke sauke kaya su gyara goyo, da mashigin gulbi inda jaki ke cijewa sai an rufe masa ido da zane. Shi kuma ya hau babur ya je ya nemo su, inda hanya ke biyuwa, don wasu dazuzzukan yanzu ba mai hankalin da zai shiga. Wani wurin ya tarar rijiyar ta rufta, wani wurin an gina shago bisa tsamiyar. Duk ya sa ɗigonsa. Ran da na fara jin muryata ta fito daga wayarsa na ce wannan matar ta iya magana, wace ce? Ya ce wata mafaɗaciya ce, kada in kula ta.

Da ya ce an gama, na ce saura ɗaya.

"Wanne?"

"Wani gawo, gefen wata tunga, yamma da hanya. Akwai ƙwaryar mutanen wurin a hannuna."

"Sunan tungar?"

"Da na sani, da kai zan jira?"

"Amarya, kin san yawan gawon da ke tsakanin nan da Maraɗi?"

"Kai ne mai na'ura. Ƙirga."

Ya tafi, Allah ya yi masa albarka. Ya ƙetare iyaka ta Magama, ya yi yini yana zagaye bayan Ɗan Isa, ya dawo wujiga-wujiga da hotunan gawo cike da waya. Ya zauna yana turo mini su ɗaya bayan ɗaya. Ni kuwa da damina na ga nawa gawon, tsirara ba ganye, shi kuma ya ɗauko su da rani kowanne ya yi lema. Duk na ce ba shi ba ne. Ya sake komawa, ya sake dawowa. A karo na gaba ya ajiye wayar bisa tabarma da ɗan ƙarfi.

"Kaka, ƙwarya ce fa. Ƙwarya! Ran Lahadi in shiga kasuwa in sayo miki jere guda. Mai ita ma ta manta."

"Ba ta manta ba."

"Ya aka yi kika sani?"

Na ce masa in ya gaji ya bari, dama ban taɓa dacen miji mai ƙwazo ba. Ranar bai mayar mini da wasan ba, ya kwashi kayansa ya fita. Na zauna ina kallon jeren, ina cewa a raina shi ke nan, da ita za a binne ni a wuya.

Bayan sallar la'asar sai ga shi ya dawo da ƙullin goro, ya durƙusa a bakin ƙofa. "Sauko mini da ita in gani."

Tun da nake ban taɓa ba wani ita a hannu ba. Ta yi ja saboda tsufa, ga ɗinkin gyartai a gefe inda ta taɓa tsagewa. Ya juya ta, ya ga zanen wuta a gindinta, wani tsani da tauraro a bisansa. Ya ce in na yarda zai ɗauki hotonta ya sa a shafinsa ya yi cigiya. Ya ƙara da cewa in ana son sauri, a manyan dandali za a sa.

Na ce, "Kayan mutane ne, ba a kai su kasuwa. Sa a gidanka. In akwai rabo, maƙwabta sun isa."

Ya rubuta gajeren bayani, ya karanta mini: kakarsa na riƙe da ƙwaryar aro tun tana yarinya, tana neman masu ita. Makanikin Damagaram ya amsa ya ce ba zanen ƙasarsu ba ne. Malamin tsuntsaye ya ce Allah ya bayyana. Sai shiru. Kullum da safe in ya zo gaishe ni nakan ce, "An yi sallama a gidan naka?" Ya ce ba a yi ba. Azumi ya zo ya wuce, na daina tambaya.

Ashe ita malamar dabbobin ba ta ce komai ba ne don ba ta son alkawarin baki. Ta sauke hoton a wayarta, duk ƙauyen da ta je allura, in ta gama da awaki sai ta nuna wa tsofaffi. Har ta faɗa hannun wani tsohon mai sassaƙar ƙorai da ido ya fara gudu. Ya kai wayar dab da hancinsa, ya ce wannan tsanin hannun babansa ne, kuma babansa bai taɓa kai ƙwarya kasuwa ba, matan tungarsu kaɗai yake yi wa. Ya faɗi tungar. Ta je da kanta ta ga gawon.

Jikana ya shigo da gudu har yana tuntuɓe da turmi. Ya kunna mini muryarta: "Inna, ina kwana, ina gajiya? An samu wurin. Shina nan, gawon ma shina nan. Ku taho, ni za ni tarbe ku."

Na ce a jiƙa mini kalwa.

'Ya'yana suka taru suka ce ba inda za ni da wannan gwiwar, a ba yaro ya kai. Na ce da hannuna na karɓa. Na yi daddawa irin wadda Maraɗi ta san ni da ita, na shanya ta bushe, na cika ƙwaryar har ta yi tozo, na saƙa mata sabon faifai don na asalin ya daɗe da cinyewa. Na ɗaure a farin zane.

Da safe muka hau mota zuwa Magama. Rabona da ƙetare iyaka tun kafin rasuwar kakan yaran nan. Wurin ya cika da manyan motoci da 'yan canji da masu tallar ruwa, ba abin da na gane sai iskar. Jikana ya nuna katinsa da nawa. A ɗaya gefen wani jandarma, yaro ne sa'ar jikokina, ya leƙo ya gaishe ni, ya nuna ƙullin da ke cinyata.

"Inna, mi a ciki?"

"Kayan aro na zo maidowa."

"Tun yaushe aron?"

"Tun ba a haifi uwarka ba."

Ya yi dariya har hularsa ta karkace. "To Allah shi sa mai kaya ta yi haƙuri. Ku sauka lahiya."

Muna wucewa wayar jikana ta yi ƙara, ya ce ta sauya ƙasa ita ma, ta kama sabis ɗin Nijar. Na ce ita ma da dangi a can ke nan.

Malamar na jiranmu a Ɗan Isa. Na zaci zan ga babbar mace, sai ga 'yar siririya da takalmin roba da jakar allura. Ita da jikana sun daɗe suna karanta juna, ba su taɓa haɗuwa ba, sai suka tsaya suna sunkuyar da kai kamar an kawo su gaban surukai. Na ce, "Ɗiyata, kada ki yarda da shi, mijina ne, ko cefane ba ya yi." Ta ce, "Inna, ai na karanta, duk duniya ta sani." Ta samo mana amalanken shanu don sauran hanyar rairayi ce.

Tun daga nesa na gane shi. Ban san ta yaya ba. Ya ƙara kauri, reshe ɗaya ya karye, amma ƙafafuna sun san wurin kafin idona. Tungar ta zama gari, har da makaranta.

Aka kai mu wani gida, aka shimfiɗa tabarma, aka kawo ruwa. Wata dattijuwa ta fito tana dogara sanda, ba ta kai ni shekaru ba amma ba da nisa ba. Muka gaisa, muka sake gaisawa. Jikana ya ɗaga wayarsa yana ɗaukar murya, don ya samu abin sa wa a ɗigonsa. Na kwance zanen, na tura mata ƙwaryar. Ta ɗaga faifan, ta shaƙi daddawar, ta juye ta a wani kwano, sannan ta kifa ƙwaryar ta shafa tsanin da yatsa. Sai ta ɗago ta dube ni.

"Ke ce mai goyon."

Na sunkuyar da kai.

"Ke ce! Ina ƙarama, ina laɓe bayan turmi ran da anka kawo yaron. Innarmu ta rasu da daɗewa, amma har ta tsufa in za a sa wata a gurbin ƙwaryar nan cikin jere sai ta ce a bari, mai maido ta na tahe. In an zo huɗa kuma sai ta hito ta tsaya, ta ce kada garma ta matsa gindin gawo, akwai ɗan baƙuwa nan. Har yau ba a noma wurin."

Na ji ƙaramin sauti a gefena. Jikana ne ya kashe wayar, ya sa ta aljihu.

Dattijuwar ta miƙe, ta kama hannuna kamar yadda uwarta ta yi, ta zagaya da ni bayan rumbu, inda ake hango gawon. Ta juya mini baya. Mata ba sa zuwa kan kabari, ban kuma nemi zuwa ba. Daga nan na yi masa addu'a, na yi wa matar da ta ba ni fura. Na kira sunansa sau ɗaya, a hankali, yadda ko rumbun bai ji ba. Jikana ne ya tafi tare da mazan gidan har gindin itacen, na hango shi ya ɗaga hannu.

Muka hau amalanke muka kamo hanyar komowa. Can jikana ya ce, "Kaka." Ba amarya ba, ba tsohuwa ba. "Shi ya sa kike kiran sunan Baba."

"Shi ya sa."

"Ni kuma ina ta yi miki tsiya."

"Ai tsiyarka ce ke sa ni cin tuwo. Kada ka fasa."

Ya goge ido da hannun riga, ya ce ƙurar shanu ce.

Da muka dawo Jibiya ya sa ɗigon a taswira, amma ya bar shi ba murya, ba rubutu. Ya ce gidansa ne, ba wanda zai tilasta masa cika kowane ɗaki. Abin da ya ɗauka a wayar kuma ya goge a gabana. Maƙwabtansa suka tambaya ko an samu masu ƙwarya, ya ce an samu, an gode, bai ƙara ko kalma ba. Su ma ba su tona ba. A nan na tabbata mutanen kirki ne ke bin kafar darnin nan.

Ni ce da kaina, bayan an kwana biyu, na ce ya ɗauko kwamfutarsa ya zauna. Matar da ta tsare wa ɗana makwanci har ta mutu ba ta cancanci ɗaki wayam ba. Sunan yaron ba zan faɗa ba, wannan nawa ne. Sauran kuwa ga shi, a sa a bayan ɗigon, wanda ya taɓa ya yi musu addu'a su biyun.

Abu ɗaya ban faɗa ba tukuna. Da za mu hau amalanke, dattijuwar nan ta sa aka dama fura a wata ƙwarya sabuwa, da tsani da tauraro a gindinta, ta rufe da faifai ta ɗora mini a cinya. Na ce, "Haba 'yar'uwa, yanzu fa na sauke wani nauyin." Ta ce, "Tahi da ita ki sha bisa hanya. Kya maido."

Tana nan bisa jere, a gurbin waccan. Na gaya wa maigidan nawa ya buɗe kunnensa da kyau: wannan ba ta cikin kayan gado, ta mutane ce. In gwiwa ta bar ni, bayan girbi zan kai ta da kaina. In ba ta bar ni ba, ya san hanya yanzu, shi ya zana ta. Kuma kada ya kuskura ya kai musu daddawar kasuwa, za su gane.